Bindiga Mai Ɗaga Kunne

Kawuna, yayan mahaifiyata, ba maƙaryaci ba ne, amma ya yi shekaru masu yawa a Madina ana yi masa kallon mai ƙara wa zance gishiri. Duk a kan bindiga ɗaya ne. Yakan ce mahaifinsa, wato kakana, maharbi ne a ƙasar Adamawa, kuma wani Bajamushe da yake yi wa jagora a daji ya bar masa bindigarsa lokacin da Jamusawa suke tattara nasu ya nasu. Bindigar, in ji Kawu, baki uku gare ta: biyu a sama na harbin tsuntsu da zomo, ɗaya ɗan siriri a ƙarƙashinsu na manyan namun daji. Har nan mutane kan yi masa kara su gyaɗa kai. Inda ake fashewa da dariya shi ne idan ya ce akwai wani ɗan maɓalli a wuyanta, in ka tura shi da babban yatsa don ka koma bakin ƙasa, sai wani ɗan ƙarfe ya miƙe da kansa a gadon bayanta kamar kunnen zomo, ta nan ake auna abu mai nisa.

Kawu mai kula da wata gonar dabino ne a Awali, wata unguwa a gefen Madina, kuma kullum bayan la'asar tsofaffin Hausawa kan taru a dakalin da ke bakin rijiyar gonar su sha shayi. Shugaban masu tsokana amininsa ne, wani wanzami mutumin Chadi, mai bakin da ya fi askarsa kaifi. Da zarar an zuba shayi sai ya gyara zama ya ce, “To ya sheikh, bindigar nan taka, in ta ji motsin ɓauna take ɗaga kunnen, ko sai an kira sunanta?” Kawu ya yi murmushi ya ce shi dai ya gani da idonsa. Da haka har laƙabi ya bi shi, yaran unguwa in an aike su gidansa sai su ce za su gidan mai kunne.

Ni ban gaji haƙurin Kawu ba. A Madina aka haife ni, a lokacin nan ina magidanci, ina aikin sassaƙa ƙarfe da inji a wata warsha, wato wurin gyara, inda muke farfaɗo da injinan ban ruwa na gonaki. Na san abin da ƙarfe zai iya, na san wanda ba zai iya ba, kuma ban ga abin dariya a maganar Kawu ba. Sau da yawa nakan ajiye kofin shayi in tashi ban yi sallama ba don kada in gaya wa sa'an ubana maganar da za a kai ƙarata gun mahaifiyata. Amma bindigar ba ta nan, ba ni da abin nunawa. Kakana ya taso da ita da iyalinsa zuwa aikin hajji a ƙasa, ya rasu a wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi a Sudan, Kawu kuma ya bar ta amana gun mai masaukinsu ya ƙetaro teku. Tun daga nan ba wanda ya koma.

Wata shekara bayan an sauko daga hajji, wani dogon mutum da jallabiya irin ta Sudan ya yi ta tambaya a unguwarmu har aka kawo shi Awali. Ɗan mai masaukin nan ne. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya ce mahaifinsa ya rasu, kuma kafin ya cika ya ce masa akwai kayan wani bawan Allah a rataye a ɗaki, kada ya bari ya tashi da shi a wuya ranar gobe kiyama. Ya ce bindiga tana nan lafiya, ba a taɓa harba ta ba, kuma duk ranar layya mahaifinsa kan shafe ta da kitsen rago da man riɗi ya sake naɗe ta, shi ma haka ya ci gaba da yi. Na dubi wanzami, na ga ya ɗan tsaya da kurɓar shayinsa. Daɗin da na ji a ranar har yanzu ina iya tuna shi.

Shigo da bindiga ƙasar nan ba wasa ba ne, kuma bai kamata ya zama wasa ba. Na nemi izinin mallakar bindigar farauta da sunana, na nemi na shigo da ita, na yi ta safa da marwa tsakanin Madina da Jidda har direbobin tasha suka san ni. A kai takarda a ce a dawo bayan Idi, a dawo a ce saura sa hannun wani, can Sudan kuma su ma suna nasu. Ma'aikatan ba su cuce ni ba, aikinsu suke yi a tsanake, ni ne dai mai gajen haƙuri. Mahaifiyata ta ce in da irin wannan naci na yi wa karatu da yanzu ni ke sa hannun. Wanzami kuwa bai gaji ba. Yakan kira ni usta, wato gwanin sana'a, ya ce, “Ya usta, Madina harami ce, ko tantabara ba a firgitawa. Me za ku harba da ita, ƙwallon dabino?” Kawu ya ce masa shi ba kisa yake nema ba, kayan ubansa yake so ya taɓa. A tsawon wannan jira ne ciwon yanar ido ya rufe idanun Kawu, har ya zama ba ya gane mutum sai ta murya.

Ranar da na karɓo akwatin daga tashar jiragen ruwa ban biya gidana ba, Awali na zarce da shi. Aka taru a dakali, na ɓamɓare katako, na warware tsummokaran da suka manne da juna. Warin tsohon kitse ya bugi kowa. Abin da ya fito baƙi ne ƙirin tun daga baki har ƙota, mai sheƙi da tauri kamar gindin tsohuwar tukunya. Amanar da mutanen nan suka riƙe ce ta yi haka: kitse a kan kitse, mai a kan mai, shekara bayan shekara, zafin Sudan yana gasawa, har komai ya daskare ya zama abu ɗaya. Tsatsa ba ta samu hanya ba ko kaɗan, amma ba abin da ke motsi.

“Wannan bindiga ce ko kilishi?” in ji wanzami. Ya leƙa bakinta, ya ƙirga da yatsa, ya ce, “Ɗayyib, baki uku, na gani, na ba ka wannan. Ina kunnen?”

Na ɗora wa Kawu ita a cinya. Hannunsa ya tafi kai tsaye wuyan bindigar kamar jiya ya ajiye ta, ya sami ɗan tudun da maɓallin yake, ya tura. Bai motsa ba. Ya sake turawa har farcensa ya yi fari. Sai ya bi gadon bayanta da babban yatsa a hankali, daga wuya har baki, ya dawo. Sumul take, ba tudu ba tsaga. Ba wanda ya yi dariya, wanzami ma ya kau da kai ya hau hura gawayi. Kawu ya miƙo min ita ya ce in kai ta gida, ya tambaya ko an kira magariba.

Daga ranar ya daina fitowa dakali. Na je gaishe shi wata safiya na tarar da shi zaune a tabarma, shayinsa ya huce. Ya ce, “Ɗan nan, ina ƙaramin saurayi Baba ya nuna min. Ya riƙe yatsana ya tura, abin ya tashi. Haka nake tunawa. Amma mutum in ya tsufa, ya kuma faɗi abu sau dubu, wa ya sani? Ko mafarki na yi na mai da shi labari.” Ban taɓa jin Kawu ya yi shakkar kansa ba sai ranar. Dariyar mutane ba ta taɓa yi masa komai ba. Abin da ke cinsa shi ne abu ɗaya tak da ya riƙe na mahaifinsa ya zama ƙila bai faru ba. Raina ya ɓaci, kuma ban san wanda zan yi fushi da shi ba.

Da zan fita, matarsa, wadda muke kira Hajja, ta biyo ni har zaure. Ta rage murya ta ce, “Ya waladi, kai fa maƙeri ne. In babu kunnen nan, ƙera mata. Wa zai sani? Mutumin nan ba ya cin abinci.” Na ce mata zan duba. Gaskiya zan iya, aikin ba zai gagare ni ba, kuma na yini ina juya maganar. Amma Kawu bai yi ƙarya ba tsawon rayuwarsa, ba ni zan yi masa ita da magagari a ƙarshen kwanansa ba. Maganar Hajja kuma ta nuna min wani abu da ban lura da shi ba. In har matar Kawu ta san zan iya ƙera kunne, to wanzami ma ya sani. Duk abin da na tono ni kaɗai a warsha, cewa zai yi aikina ne. Don haka na yanke shawara: zan gyara ko'ina na bindigar nan, amma gadon bayanta ba zan taɓa ba. Na naɗe wurin da ƙyalle na ɗaure. Akwai tsoro ma a ciki, ba na so in zama ni ne zan fara ganin babu komai.

Na yi watanni a kanta, kullum bayan an tashi daga aiki. Na yanka bututun ruwa na yi ɗan kwami, na jiƙa wuyan bindigar a kananzir har baƙin ya fara laushi. Kusoshinta masu tsaga siririya ne, ba sukudireban kasuwa da ke shiga, kuma na rantse ba zan ɓata kan ko ɗaya ba. Sai na zauna na wasa wa kowace kusa nata sukudireba daidai bakinta. Abokan aikina suka ce na haukace, ana jiran injin ban ruwa ni ina lallashin kusa. Wata takan ƙi har mako guda, in ɗiga mata kananzir in ƙyale ta, in dawo gobe. Ni da ba na iya jiran shayi ya huce, bindigar nan ta koya min zama.

Da na buɗe cikinta sai na ga abin mamaki. Ƙarafunan fari fat, a goge kamar ba a taɓa amfani da su ba, kowane ya zauna a gurbinsa ba rata. Na wanke su ɗaya bayan ɗaya da buroshin haƙori. A gefen wuyan, da baƙin ya tafi, zanen barewa ya fito a cikin ganyaye, har da ƙahonta. Ƙotar kuwa na shafe ta da toka na shanya a rana, tokar ta tsotse mai, na kankare na sake shafawa, har jan itacen ya dawo. A daidai inda hannu ke kamawa na tarar da naɗin ɗanyar fata da ta bushe ta ƙanƙame, an ɗinke ta da jijiya. Ƙotar ta taɓa tsagewa, kakana ya ɗaure ta irin yadda maharban ƙasarmu ke yi. Wani abokin aikina ya ce in cire in sa gam, za ta fi kyau. Na ce masa Bajamushe ya yi nasa, kakana ya yi nasa, ni ba a aiko ni in goge aikin kowa ba. Na gwada ƙarfin ɗaurin, ko gezau, na bar shi yadda yake.

A cikin wannan wanki ne na ga abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa. Da maɓallin ya saki, na tura shi, sai wani ɗan tsinken ƙarfe ya leƙo daga goshin wuyan bindigar, ya nufi gadon baya. Na duba inda yake nufa, na ga wani ɗan rami cike da kitse. Maƙeri ba ya wahalar da kansa ya yi tsinke don ya tura iska. Ban kwance ƙyallen ba. Na dai riƙa ɗiga kananzir a ramin kullum, ina jingine bindigar bakinta ƙasa don ya gangara ciki. Ban gaya wa Kawu ba, don ban san ko abin da ke ciki yana da rai ko ya karye tun a Sudan ba.

Saura harsashi. Na bakunan sama ba wuya, amma na bakin ƙasa wani dogon abu ne da ba mai sayar da shi a ƙasar nan, an daina yayinsa tun kafin a haife ni. Allah ya taimaka, a cikin akwatin akwai wata 'yar jakar fata da kwansunan tagulla da kakana ya harba ya adana. Na kai su Jidda tare da bindigar gun wani tsoho Babuhare, wato ɗan asalin Buhara, mai shagon bindigogin farauta da izinin hukuma. Ya juya kwanso ɗaya a hannu ya yi dariya, ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana saurayi. Ya leƙa cikin bakunan a hasken taga, ya ƙwanƙwasa su ya saurari ƙararsu, ya ce lafiyarsu lau. Muka raba aiki. Ni na ware kwansunan da ba su tsage ba na gyara bakinsu, na sassaƙa ɗan mazubin dalma daidai faɗin bakin bindigar, na yi ta zubawa ina narkarwa har ƙwayar ta fito sumul. Awon albarushi kuwa shi ya yi da hannunsa, ya ce ba a koyon wannan da ƙarfin hali, tsohuwar bindiga kuma ba a cika mata ciki. Ban yi masa gardama ba, abin da ya ba matata mamaki da na ba ta labari.

Gwaji sai a wajen harami. Na ari motar ɗaukar kaya, na sa Kawu a gaba, muka fita bayan gari har muka wuce iyaka muka shiga cikin baƙaƙen duwatsu. Na ɗaure bindigar a jikin tsohuwar taya, bakinta na kallon wani tudun yashi, na ɗaura igiya a kunamarta, na koma bayan mota na ja. Bakunan sama suka yi tasu ƙara mai faɗi. Na tura maɓalli, na koma na sake ja. Bakin ƙasa ya yi wata ƙara daban, siririya mai tsini, duwatsu suka maido da ita. Na duba ko'ina, ba abin da ya tsage, ɗaurin kakana bai motsa ba. Na yi alfahari da hannuna a wurin nan, ba zan ɓoye ba. Kawu daga cikin mota ya ce, “Muryarta ce.” Muka kama hanyar gida, sai da muka hango koren dabinon gari ya ce, “Kunnen fa?” Na ce masa gobe bayan la'asar ya fito dakali.

Ya fito, Hajja ce ta tilasta masa. Tsofaffi sun hallara, don labari ya zaga cewa bindigar ta yi magana. Na warware ta a kan tabarma, aka yi ta salati ana shafa zanen barewar. Na buɗe ta yadda ake yi in za a sa harsashi, na nuna wa kowa bakunan uku ba komai a ciki, sannan na kwance ƙyallen. Ga bindiga tana sheƙi, ga wani baƙin layi na tsohon kitse kwance a gadon bayanta yadda ya zo daga Sudan.

Na dubi wanzami na ce, “Baba, ka ga wurin nan? Tun da ta zo ban taɓa shi ba. Duba da kyau, kitsen Sudan ne ko nawa?”

Ya kankara da farce, ya sansana, ya ce na Sudan ne.

“To kai ka saba aske kawunan mutane. Ga kananzir, fito da askarka ka aske wannan. In babu komai a ƙasa, kai za ka fara gani.”

Ya dube ni, ya dubi Kawu. Na ga ba ya so. A nan na gane cewa mutumin nan tsokana yake so, ba ya so ya ci nasara. Ya ce, “Khalas ya usta, a bar maganar nan, mu duk mun tsufa.” Kawu ne ya ce masa, “Aske.”

Ya zaro wata tsohuwar aska da ta dakushe daga zabirarsa, ya ɗora bindigar a gwiwa kamar kan jariri ranar suna. Hannun wanzami hannu ne, ko ni ba zan yi aikin da taushi haka ba. Baƙin ya riƙa tashi siriri siriri yana nannaɗewa, yana goge askar a tsumma. Ni kuwa na shirya wannan taro da kaina, na tara wa Kawu shaidu, kuma ban san abin da za su shaida ba. In babu komai, ni na kunyata shi a gaban mutane da hannuna. Injin ban ruwa yana ta bugawa a bayanmu.

Wajen taƙi ɗaya daga wuyan bindigar askar ta ɗan tuntuɓe. Wanzami ya tsaya. Ya ɗiga kananzir, ya goge da babban yatsa, ya sunkuya har gemunsa na taɓa ƙarfen. Wani layi ne siriri kamar gashi, ya tafi ya karya kwana ya dawo, ya zana ɗan murabba'i a kwance daidai da gadon bayan, ba tudu ko kaɗan. Ya karɓi tsinken zarɓa, wato reshen dabino, daga hannun wani, ya fiƙe shi, ya riƙa bin layin yana fito da baƙin da ke ciki. Ya daɗe yana yi, fiye da yadda aikin ke bukata. Da ya gama ya tashi da kansa ya ɗora wa Kawu bindigar a cinya.

Kawu ya tura maɓallin. Ba abin da ya faru. Ya mai da shi baya, ya sake turawa. Na ji wani ɗan ƙaramin sauti kamar an taka busasshen ganye, gefen murabba'in ya ɗaga kaɗan ya tsaya. Na miƙa hannu zan taimaka, wanzami ya riƙe min hannu. Kawu ya mayar, ya tura na uku da ƙarfi. Ɗan ƙarfen ya taso a hankali, ya yi rabi, ya yi kamar zai fasa, sannan ya ƙarasa ya tsaya cak, da 'yar tsagarsa a tsakiya.

Kowa ya gani ban da mai ita. Kawu ya ɗaga fuska wajen da ya san amininsa yake, ya ce, “Wanzami, me ka gani?”

“Ya tashi.”

“Kunnena ya yi nauyi, ban ji ba.”

Wanzami ya share fuska da gefen rawaninsa ya ce, “Na ce ya tashi, ya akhi. Kunne ne. Wallahi kunne ne, kamar na zomo.”

Sai a lokacin Kawu ya kai yatsa ya taɓa shi. Ya shafa gefensa, ya shafa tsagar, ya daɗe yatsansa na kai. Ni na juya na yi kamar ina neman murfin galan ɗin kananzir, don ba na so tsofaffin nan su ga idona. Na gyara injina da yawa a rayuwata, wasu har masu gonaki sun yi min kyauta, amma ba aikin da nake alfahari da shi kamar wannan taƙi ɗaya na ƙarfe da na ƙi taɓawa.

Kawu ya ja maɓallin baya, kunnen ya kwanta. Ya ce, “Baba yakan hana ni wasa da shi. Ya ce in na cika turawa zai gaji ya daina tashi.” Ya shafa bindigar da ke kwance a cinyarsa. Sannan ya tura, ya mayar, ya sake turawa, yana murmushi shi kaɗai. Wanzami ya zuba masa shayi ya ajiye kusa da gwiwarsa, har shayin ya huce bai ɗauka ba.